Meram da Askar Ranar Suna

Meram tana tsugune a rumfarta da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, tana jera bandar tarwaɗa cikin kwando, sai direban gingimarin da ke kawo mata kifi daga Gashua ya leƙo kansa ya ce, "Ya Meram, albishirinki."

"Goro," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"Yakaka ta sauka lafiya. An samu 'ya mace."

Matan rumfunan da ke kusa suka ɗauki guɗa, suna ta yi mata barka. Meram ta amsa musu da baki, amma hannunta ya tsaya cak a kan kifin. Haihuwar fari da 'yarta Yakaka ta yi, namiji ne, kuma a ɗakin Meram aka haife shi, a gaban idonta. Wannan kuwa mace ce, kuma a gidan miji aka haife ta, can Gashua, inda maganar Meram ba ta da nauyin komai. Ta rufe kwandon da buhu, ta bar wa maƙwabciyarta jiran rumfa, ta nufi gida tana tafe tana lissafin yaushe suna zai kama.

Duk wanda ya daɗe a unguwarsu ya san abin da ya tashe ta. Ba a jima da samun mulkin kai ba, lokacin da gyaɗa ke tashe, mijinta Ibram yana dakon buhuna a tasha, Meram ta haifi autarta, yarinya ɓulɓul mai gashi har goshi. Ranar suna da safe aka raɗa mata Fanna. Da hantsi tsofaffin gida suka ɗauke ta daga cinyar uwar suka kai wa wanzami bayan ɗaki, kamar yadda ake yi wa kowace jaririya: a yi mata aski, a cire beli, sannan a yanke ɗan naman da ake kira angurya a gabanta. Meram ba ta ga komai ba, kukan kawai ta ji. Aka dawo mata da ita a naɗe, aka ce ta ba ta nono ta yi shiru.

Kafin azahar zanen ya jiƙe da jini. Aka barbaɗa toka, aka sa garin bagaruwa, aka aika a kira wanzamin, aka tarar ya wuce wani sunan a ƙauye. Mata suna ta cewa zai tsaya, ai kowa haka aka yi mata. A tsakar gida ana ta rabon tuwo da nama. Sai da kukan yarinyar ya koma kamar na ɗan kyanwa sannan Meram ta rungume ta, ta fita a guje ba ko takalmi, ta nufi asibiti. Wata nas 'yar kudu da ake kira Sista Winifred ta karɓe ta, ta buɗe zanen, ta duba wurin. Daga baya, da Hausarta mai gargada, ta ce, "Mama, wannan yarinya ba ciwo gare ta ba. Jininta ne ya ƙare a wurin yankan nan."

Kafin magariba an rufe Fanna. Masu gaisuwa suka ce kwananta ne ya ƙare. Meram ba ta musa ƙaddara ba, amma ta riƙe maganar nas ɗin a ranta, ta kasa ajiye ta. Tun daga nan, duk gidan da aka haifi mace a unguwar sai ta je ta yi magana. Wasu su saurare ta don kunya, wasu su ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. A hankali aka daina sanar da ita haihuwa sai an gama komai.

Da ta isa gida ta tarar da Ibram a gindin dalbejiya yana gyaran takalminsa. Yanzu ƙarfi ya ja baya, gadi yake yi a wani sito. Ya ji labarin haihuwar ya yi hamdala, sannan ya ga tana tura zannuwa cikin jaka.

"Tun yanzu? Ai da sauran kwanaki kafin suna."

"Shi ya sa zan tafi tun yanzu."

Ya ajiye takalmin. "Meram, ki je ki yi barka, ki yi wa 'yarki wanka, ki dawo da mutuncinki. Gidan surukai ne. 'Ya kuwa ta ubanta ce."

"Fanna ma ta ubanta ce," in ji Meram. "Me uban ya yi?"

Ibram ya sunkuyar da kai, ya sake ɗaukar takalminsa. Ta san ta soke shi inda ke masa ciwo, amma ba ta janye ba.

Ƙarshen damina ne, hanyar Gashua duk ta lalace. Motar da ta shiga ta kafe a taɓo sau da dama, fasinjoji su sauka su tura, su koma su hau jiƙe. Da la'asar sakaliya suka shiga gari, ƙamshin hayaƙin banda na tashi daga bakin kogi, sauro kuma tun rana ba ta faɗi ba ya fara kai hari.

Gidan mijin Yakaka babban gida ne, kuma mai faɗa a ji a cikinsa ita ce Hajja, mahaifiyar mijin, tsohuwa doguwa mai haƙoran Makka, wadda ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa buƙatar hakan ba. Ta tarbi Meram da lale marhabin, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma sabuwa, aka kawo burabusko da miyar kifi. Meram ta ɗan taɓa, ta shiga ɗakin mai jego.

Yakaka tana kwance a kan gadon ƙasa mai ɗumi, jaririyar na barci a gefenta. Meram ta ɗauke ta, ta duba ta tun daga kai har yatsun ƙafa. Lafiyayya ce, ba abin da ya rage mata, ba abin da ya yi mata yawa.

"An yi maganar wanzami?" ta tambaya a hankali.

Yakaka ta kalli ƙofa kafin ta amsa. "Yuguda ne wanzamin gidan nan. An riga an kai masa goro."

"Ke me kika ce?"

"Iya, ni me zan ce? Wa ya tambaye ni?"

"Kin manta ƙanwarki?"

"Ban manta ba. Ni na riƙa ɗebo ruwan da ake wanke zannuwan." Idonta ya kawo ruwa. "Ba na so a taɓa ta. Amma ke za ki koma Nguru, ni kuwa nan zan zauna."

Washegari da safe, bayan an gama wankan jego, Meram ta sami Hajja a rumfar tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta zauna, ta ja tire ɗaya ta taya ta, suka taɓa hirar ruwan bana da yadda kogi ya dawo bayan farin bara. Sannan ta kawo maganar, ta bi ta da lallami yadda ta iya. Ta ba ta labarin Fanna tun daga farko har ƙarshe.

Hajja ta saurara har ta gama. "Allah ya sa mai ceto ce," ta ce. "Na ji zafin abin da ya same ki. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Ni nan 'ya'ya mata huɗu na haifa, duk an yi musu, ga su can a ɗakunansu da 'ya'yansu. Ke kanki an yi miki. Yakaka an yi mata. Wace ce ta mutu a cikinku?"

"Wadda ta mutu ba ta nan balle ta amsa miki, Hajja."

"Wanzaminku ne bai iya ba. Yuguda tun kakansa suke yi mana aiki."

"To in an bar ta, me zai same ta?"

Hajja ta dube ta kamar wadda ta tambayi amfanin gishiri a miya. "In an bar angurya, yarinya ba ta ƙiba. Kullum ciwo. In ta girma ta hana ta zaman aure, ko ta sa ta rawar kai. A ce jikata ce aka bari da ƙazanta a jiki? Wa zai ɗauki wannan abin kunya, ke ko ni?"

"Kin taɓa ganin wadda aka bari, abin ya same ta?"

"Ina zan gan ta, tunda ba a bari?"

Nan Meram ta ji kamar ta kifar da tiren. Ta haɗiye, ta ci gaba da tsintar tsakuwa a cikin shinkafa.

Ta yanke shawarar tunkarar uban jaririyar, Abbagana, duk da ta san suruka ba ta irin wannan magana da mijin 'yarta. Yana da shagon ɗinkin keke a bakin kasuwa, mutum ne mai kunya ƙwarai. Da ya shigo gaishe ta da yamma ya durƙusa nesa, ya tuɓe takalmi, idonsa a ƙasa. Da ta fara bayani ya gane inda ta dosa, sai gumi ya karyo masa.

"Iya, wannan ai sha'anin mata ne. Ni ban san komai a kai ba."

"'Yarka ce. In ka ce a'a, ba mai taɓa ta."

"Duk abin da kuka yanke ke da Hajja, ni mai bi ne."

"Ba mu yanke abu ɗaya ba. Shi ya sa na zo gare ka."

Ya yi ta murza hular da ke hannunsa. Can ya ce, "In malamai suka ce a bari, sai a bari." Ya miƙe da sauri, har ya manta takalminsa ƙafa ɗaya, sai da ya dawo ya ɗauka.

Meram ta kama wannan maganar kamar igiya. Da gari ya waye ta lulluɓa mayafi ta tafi wurin Malam Zarami, limamin unguwar, wanda shi zai raɗa sunan. Ta durƙusa daga bakin zaure ta faɗi abin da ya kawo ta. Malamin dattijo ne mai sanyin magana. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce, "Baiwar Allah, abin da na sani shi ne, ba farilla ba ne a kan 'ya mace. Wanda ya bari bai yi zunubi ba. Kuma duk abin da aka tabbatar yana cutarwa, addini bai yarda da shi ba."

Wani sanyi ya ratsa Meram. "Alhamdu lillahi. Allah gafarta malam, to don Allah ka faɗa wa Hajja haka, ko ka faɗa wa ɗanta."

Malam ya shafa gemu. "In sun tambaye ni, zan faɗa musu."

"Ba za su tambaya ba."

"To ni kuma ba zan shiga gidan mutane in ce ga yadda za su yi da jaririyarsu ba. Al'ada ce da aka gada. In na buɗe wannan bakin, gobe a ce liman ya koma leƙen abin da ke cikin zanen jarirai. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a. Allah shi ne mai tsarewa."

Ta koma ta gaya wa Abbagana abin da liman ya ce. Ya amsa da "To, madalla," ya ce zai je ya ji da kunnensa. Bai je ba. Ta gaya wa Hajja, Hajja ta ce, "Ai bai ce haramun ba ne."

Ana gobe suna ta nemi gidan wanzamin da kanta. Ta same shi a ƙofar gida yana wasa aska a kan fata, zabirarsa a buɗe, ƙahonni a jere a gefe. Yuguda ba tsoho ba ne sosai, kuma ba shi da fuskar mugunta, abin da ya ƙara ɓata wa Meram rai ke nan. Ya saurare ta bai katse ta ba.

"Gaskiya ne, ana samun wadda jini ke ƙin tsayawa," ya ce. "Ni ma na taɓa ji. A hannuna dai Allah bai kawo ba."

"Ka duba ta gobe, ka ce ba ta da shi. Wa zai ƙaryata ka?"

Ya yi 'yar dariya. "Hajja za ta tsaya a kaina. Ta san yadda ake yi fiye da wasu wanzaman. Kuma Iya, ni ba na bin gida gida ina roƙon a ba ni jarirai. Kira na ake yi. In na ƙi, akwai wani can bayan kasuwa, idonsa ya fara mutuwa, hannunsa na karkarwa. Shi za su kira. Wanne kika zaɓa wa jikarki?"

"Naka 'ya'yan fa? Kai ka yi musu?"

Ya kau da kai. "Wanzami ba ya son jarfa. Ƙanena ne ya yi musu, ni fita na yi daga gidan."

"Ka san da zafi ke nan."

"Na sani. Amma ba ni na kawo shi duniya ba, ba kuma ni zan kore shi ba."

Meram ta dawo gida. Ta je wurin kowa, kowa ya nuna mata ƙofar wani. Ba wanda ya ce mata ƙarya take yi, kuma ba wanda ya yarda abin a hannunsa yake.

Ranar suna gida ya cika tun da sassafe. Daga waje aka ji maroƙi ya ɗaga murya, an sa wa yarinya sunan kakarta ta wajen uba, za a riƙa kiran ta Hajjagana, wato ƙaramar Hajja. Mata suka ɗauki guɗa. Meram ta riga ta karɓi jaririyar daga hannun Yakaka tun kafin a idar da addu'a, ta zauna da ita a kan tabarma a ƙofar ɗaki.

Da hantsi Yuguda ya yi sallama ya shigo da zabirarsa, aka ajiye masa kujera 'yar tsugune a bayan rumbu. Wata tsohuwa ta zo ta miƙa hannu za ta karɓi yarinyar.

"Ni zan riƙe ta," in ji Meram.

Ta tashi ta je ta zauna gaban wanzamin. Ya jiƙa kan jaririyar, ya aske shi tas, yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Da ya gama ya ɗauko ƙaramar aska, ya dubi Hajja. Hajja ta ce, "Buɗe masa zanen."

Meram ta ƙara naɗe zanen, ta rungume yarinyar a ƙirjinta. "An gama," ta ce.

"Ba a gama ba."

"In dai ina numfashi, an gama. Wanda zai yanke ta sai ya fara yanka hannuna."

Masu daka suka tsaya da taɓarya a sama. Sannan surutu ya ɓarke. Wata ta ce baƙuwa ta zo ta fi masu gida iko. Wata ta ce dama an ce ba ta da cikakken hankali. Wata ta leƙa ɗaki tana ce wa Yakaka ta fito ta yi wa uwarta magana, Yakaka kuwa ta juya fuska bango tana kuka. Aka aika waje a kira Abbagana, aka ce yana sallamar baƙi, ba zai samu shigowa ba.

Yuguda ya goge askarsa ya mayar cikin zabira. "Ni ba na aiki a kan rigima," ya ce. "In kun daidaita, kun san gidana." Ya karɓi abin da aka tanadar masa ya fita.

Hajja ba ta yi faɗa ba. Ta matso kusa da Meram, ta yi magana yadda su biyu kawai za su ji. "Kin kunyata ni a gaban jama'a, a kan takwarata. Na bar miki. Amma ki sani, duk abin da ya sami yarinyar nan, a wuyanki yake."

"Na ɗauka," in ji Meram.

Ta zauna a gidan har aka yi arba'in. Ba wanda ya kore ta, amma gaisuwa ta koma ta fatar baki, in ta shigo rumfa hira ta mutu. Ba ta damu ba. Ita ke yi wa jaririyar wanka, ita ke goya ta, ko banɗaki za ta shiga sai ta tabbatar tana hannun uwarta. Hajjagana ta yi kumatu, ta fara bin mutane da ido. Ranar da Meram za ta koma Nguru ta kama hannun Yakaka ta ce, "Kin ga dai lafiyarta ƙalau. Ki riƙe ta da kyau." Yakaka ta gyaɗa kai.

Ta koma rumfarta da kifinta, zuciyarta wasai. Har ta ba Ibram labari, ya girgiza kai ya ce, "Ke dai ba a iya miki," amma ta ga yana murmushi.

Bayan 'yan watanni, da zafin bazara ya kankama, direban nan ya ce mata ya ji jikarta ba ta ji daɗi ba kwanakin baya, amma ta warware. Meram ba ta jira ƙarin bayani ba, ta bi motarsa.

Ta tarar da Hajjagana ta ɗan rame, amma tana wasa da ƙafafunta tana gwaranci. Hajja ta tarbe ta da fara'a fiye da ta farko, abin da ya sa gabanta ya faɗi. Da yamma ta ce a kawo ruwan ɗumi ta yi wa yarinyar wanka. Yakaka ta ce ai an riga an yi mata. Meram ta ce a kawo dai. Da ta kwance zanen ta gani. Wurin ya warke, amma tabon na nan.

Ta gama wankan, ta shafa mata mai, ta naɗe ta, ta kwantar. Sannan ta juyo ta dubi 'yarta.

"Yaushe suka ɗauke ta?"

Yakaka ta durƙushe a gaban gado. "Ba su ɗauke ta ba, Iya. Ni na kai ta."

Meram ta ce, "Ke?"

"Zawo ta yi ta yi, ga zazzaɓi, ta ƙi kama nono. Na kai ta asibiti aka ba ta magani, bai tsaya nan da nan ba. Duk wadda ta shigo duba ta sai ta ce angurya ce ke cin ta. Mai kawo ruwa ta faɗa, mai sayar da ƙuli ta faɗa. Hajja ba ta ce mini komai ba, kallona kawai take yi. Uban yarinyar kuma ya daina shigowa ɗakin. Na ce a raina, in yarinyar nan ta mutu, har in koma ga Allah ana cewa ni da uwata muka kashe ta. Na goya ta na tafi gidan Yuguda da ƙafata."

"Da ta zubar da jini fa? Da ta bi Fanna?"

"Da an ce kwananta ne ya ƙare." Yakaka ta ɗago jajayen idanunta. "Ba wanda zai zage ni. Kin ga bambancin, Iya? In aska ta kashe ta, ƙaddara ce. In zawo ya kashe ta, laifina ne."

Duk maganganun da Meram ta tanada shekara da shekaru, na Hajja ne, na wanzami ne, na liman ne. Ba ta taɓa tanadar ko ɗaya don 'yarta ba. Ta so ta ɗaga hannu ta mare ta, ta so kuma ta jawo ta jikinta, ta kasa yin ko ɗaya.

"Tana shan maganin asibitin lokacin da kika kai ta?" ta tambaya daga ƙarshe.

"Tana sha."

"Kuma da ta warke aka ce aska ce ta warkar da ita."

Yakaka ta gyaɗa kai. Da safe ma, da Meram ta fito alwala, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mata, "Kin gani ko, Iya? Ana cirewa ta miƙe. Da an bi taki da yanzu wani zancen ake yi." Meram ta zuba mata ido har matar ta janye kanta.

Ba ta ƙara kwana ba. Ta yi wa Hajja sallama yadda ya kamata, ta ɗauki jikarta ta daɗe tana shinshina kanta, ta miƙa wa uwar. Yakaka ta rako ta har bakin zaure ta ce, "Iya, kin yi fushi da ni."

"Na yi fushi," in ji Meram. "Amma na rasa wanda zan ɗora wa. Koma ciki, rana na dukan ta."

Hajjagana ta rayu, ta girma, kuma a gidan nan an daɗe ana ba da labarinta a matsayin hujja. Meram ta yi watanni ba ta shiga sabgar kowa a Nguru. In an yi haihuwa ta aika da barka, ta zauna a rumfarta. Har Ibram ya fara damuwa da shirun nata, ya ce ya fi son lokacin da take faɗa.

Wata ranar kasuwa, tana ɗaure kwandunan da za a loda a tarago, wata yarinyar mace mai tsohon ciki ta tsaya a bakin rumfar tana juya kifi ba ta saya ba. Asibi ce, matar wani mai zuba gawayi a jirgi, ba su daɗe da tarewa a unguwar ba. Sai da masu ciniki suka watse sannan ta matso.

"Iya, an ce ke kika hana a yi wa jikarki a Gashua."

"An gaya miki ƙarshen labarin?"

"An gaya mini." Ta sunkuyar da kai. "Yayata ta sha wuya a wurin haihuwa, nas ta ce tabon yankan ne. Ni in mace na haifa, ina so ki zo ranar suna ki riƙe mini ita."

Meram ta ja igiyar kwandon ta ƙulle da ƙarfi. "Ranar suna mai sauƙi ce, 'yata. Zan riƙe ta, su zage ni, su gaji su bari. Ranar da ta yi zazzaɓi fa? Ranar da kowa ya zuba miki ido, ni ina nan ina sayar da kifi, wa zai riƙe ta?"

Asibi ta ce, "Ban sani ba, Iya."

Meram ta dube ta, ta dubi cikin. Ta ji haushin nan ya taso mata, haushin da ta san ba zai kai ta ko'ina ba. Ta zaɓi tarwaɗa biyu masu kyau ta naɗe a takarda ta tura mata.

"Ki yi miya da wannan. In kin sauka ki aiko tun ranar, kada ki jira sai an kai wa wanzami goro. Kuma ki nuna mini gidan tun yanzu, don in san hanya."